Tambayoyi da amsoshi kan shirya tawagar masu aikin sa-kai daga Kaduna zuwa ƙasar waje

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi zuwa mana daga ƙungiyoyin unguwanni, tsofaffin ɗalibai, kwamitocin masallatai da majami'u, da malaman asibiti a nan Kaduna, duk lokacin da aka fara maganar tafiya aikin gayya wata ƙasa. Yawancin tafiye-tafiyen mutanenmu Nijar ne da Gana da Benin da Chadi da Kamaru, don haka can muka fi karkata.

Mun tara mutane, mun tara ɗan kuɗi. Malam, daga ina za mu fara?

Daga wanda ya gayyace ku. Idan babu wanda ya gayyace ku, to ba ku fara ba tukuna, ko da kuɗin ya cika akwati. Ina nufin gayyata ta gaske: ƙungiyar gari, ko kwamitin makaranta, ko asibitin karkara, mutanen da ke zaune a wurin kuma za su ci gaba da zama bayan kun juya baya. Su ne za su ce muku ga abin da ya dame mu. Da ɗan gari akan ci gari.

Kafin tawaga ta motsa, a tura mutum biyu su je su gano. Su kwana a garin, su gaishe da mai gari da liman da shugabar mata, su shiga ofishin hukumar yankin, su sha ruwan da mutanen ke sha. Su dawo da amsar tambayoyi kamar haka: wa ya nemi wannan aiki, wa ba ya so, an taɓa gwada irinsa, me ya kashe shi? Sau da yawa 'yan leƙen nan kan dawo da labarin da ya rushe shirin da aka yi a Kaduna. An tafi da niyyar gina aji biyu, sai a tarar ajujuwa na nan, abin da ke korar 'yan mata daga makarantar rashin makewayi ne. Kuɗin motar mutum biyun nan shi ne kuɗi mafi albarka da za ku kashe.

Daga nan a rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce: abin da ku za ku kawo, abin da gari zai kawo, yashi ne ko ruwa ko masauki, da wanda zai riƙe aikin bayan an gama.

Ga Rigasa ba ruwa, ga makarantunmu ba kujeru. Me ya sa za a tsallake gida a tafi waje?

Tambaya ce mai nauyi, kuma mai yin ta yana da gaskiya. Ƙungiyar da ba ta taɓa yashe kwalbati ɗaya a unguwarta ba, ba ta da abin da za ta kai Maraɗi. A ganina hujjar tafiya biyu ce kawai. Ko dai kuna da wata ƙwarewa da mutanen can suka nema da bakinsu, ko kuma akwai abin da za ku koyo ku kawo gida. Idan abin da za a yi ɗaukar bulo ne da kwaɓa siminti, garin na da matasan da za su yi, kuma sun fi ku buƙatar ladan. A aika kuɗin, a ɗauki magina na can.

To wa za mu ɗauka, kuma mutum nawa?

Aikin ne ke zaɓen mutane. A fara rubuta abin da za a yi, sannan a nemi mai iyawa. Tawagar mutum takwas zuwa goma sha biyu ta fi sauƙin riƙewa: mota ɗaya ta ɗauke su, gida ɗaya ko biyu ya saukar da su, kuma ba su cinye hatsin mai masauki ba. Ko mai gida bai faɗa ba, baƙi ashirin nauyi ne a kan matan gidan da ke ɗebo ruwa da dafa tuwo.

Kaduna ba ta rasa masu sana'a. Akwai waɗanda suka koyi harkar ruwa a cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando, akwai 'yan Kaduna Polytechnic, akwai malaman gona daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya, akwai ma'aikatan ido da suka goge a asibitin ido na ƙasa. Kada kuma a raina mai walda na Panteka. A ƙauyen da babu shago, mutumin da zai dubi karyayyen ƙarfe ya san yadda zai haɗa shi ya fi mai takarda amfani.

A cikin tawaga dole a sami shugaba ɗaya da kowa ya yarda da shi, da ma'aji wanda ba shugaban ba, da mai ba da taimakon gaggawa, ko daga Red Cross ko daga 'yan agaji, da mai jin harshen hukumar ƙasar.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne gwaji. Kafin a tsai da sunaye, a kai kowa aikin kwana biyu ko uku a wata makarantar firamare da ke bayan gari, a kwana a aji kan tabarma, a yi girki da itace, a yi wanka da bokiti ɗaya. A nan hali ke fitowa. Wajen ƙarfe ɗaya na rana za ka ga wanda ya jingine shebur ya koma gindin darbejiya yana latsa waya, ka ga wadda ba wanda ya sa ta amma ta tattara kwanuka ta wanke, ka ga wanda ke ɗaga wa maigadi murya saboda an makara buɗe ƙofa. Na ƙarshen nan, ko shi ya fi kowa ilimi, a bar shi a gida. Wanda ya wulaƙanta maigadi a Kaduna zai wulaƙanta mai masauki a can, kuma sunan ƙasarku duka zai ɓata.

Akwai kuma maganar alfarma. Alhaji ya ba da kuɗi mai tsoka, yana so a tafi da ɗansa. A faɗa masa tun farko, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ya zo gwaji kamar kowa. In ya ci, da shi za a tafi."

Ni mace ce, malamar jinya. Akwai wuri gare mu a irin wannan tafiya?

Akwai, 'yar'uwa, kuma tawagar da babu mata rabin gari kawai za ta gani. Maganar ruwa da haihuwa da abincin yara duk a cikin gida take, inda namiji baƙo ba zai shiga ba. A tafi da mata biyu ko fiye, a tanadar musu ɗaki da makewayi nasu tun kafin a iso. Shugaba ya je da kansa wurin iyaye ko maigida ya yi bayani, ya bar musu lambar mai masauki. Wadda addininta ko gidansu suka sharɗanta muharrami, a sa shi cikin lissafi tun farko, kar a bari sai ranar tafiya.

Za a iya haɗa Musulmi da Kirista a tawaga ɗaya?

Za a iya, kuma mu mutanen Kaduna mun fi kowa sanin darajar haka. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka fara aikin sulhu tare a garin nan a 1995, har Kenya aka gayyace su bayan rikicin zaɓen 2007. A sa Juma'a da Lahadi cikin jadawali, a daidaita maganar yanka da abinci, a kuma yarda cewa ba wanda zai haɗa taimako da wa'azi. Wanda ya zo karɓar magani ba ya cikin halin da zai iya ce maka a'a.

Wane takardu ake buƙata? An ce ƙasashen ECOWAS ba a neman biza.

Haka ne, tun yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ɗan ƙasar ECOWAS na iya shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba biza. Amma abu biyu. Na ɗaya, izinin shiga daban, izinin yin aiki daban. Mai masaukinku ya karɓo muku takarda daga hukumar yankin mai bayyana ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, da harshen hukumar ƙasar. Na biyu, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kun kuma tuna yadda aka rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024. Hukumomin Nijar sun dakatar da wasu manyan ƙungiyoyin agaji na waje a 'yan shekarun nan, don haka ba wurin da za a shiga da "ai 'yan'uwa ne" ba takarda. Chadi da Kamaru kuwa dama ba sa cikin ECOWAS. A hau jirgin ƙasa daga Rigasa a je Abuja, a shiga ofishin jakadancin ƙasar a tambaya baki da baki, sannan a sake tambaya idan tafiya ta matso.

Kowa ya mallaki fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida. Masu neman sabo su fara da wuri, don idan suna ko ranar haihuwa a fasfo ta saɓa da ta lambar NIN, gyaran kan ci makonni. Shugaba ya riƙe kwafin fasfon kowa da jerin sunaye, a bar wani kwafin a Kaduna. Idan da motarku za ku tafi, sai da inshorar ƙetare iyaka da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa.

Sai mun yi wa ƙungiya rajista? Kuma yaya za mu yi da kuɗi?

Ƙwarai. Rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, sannan da SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wanda banki zai nemi takardarsa kafin ya buɗe muku asusu. Kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko shi waliyyi ne. Hannu biyu su riƙa sa hannu.

A yi kasafi da kuɗin ƙasar da za a je. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, alhali naira ta sha faɗuwa tun 2023. Kasafin da aka yi da naira a watan Janairu yana iya kasa sayen rabin simintin a watan Yuni. Ku sani kuma sefa iri biyu ce: ta Nijar da Benin da Togo daban, ta Chadi da Kamaru daban. A kasuwar Nijar lissafi da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar, don haka in mai kaya ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Tsabar kuɗin da ta haura dalar Amurka 10,000 dole a bayyana wa kwastan. A ware wani kaso, kamar ɗaya cikin goma, ba a taɓa shi sai rashin lafiya ko lalacewar mota.

Kowane dare ma'aji ya karanta wa tawaga abin da aka kashe ranar, har kuɗin ƙosai. Minti biyar ne, amma yana kashe zargi tun bai yi tsiro ba.

Wane rigakafi za a yi?

Na zazzaɓin shawara shi ne na dole, da katin rawaya da sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har tsawon rai. Kada a sayi kati a bakin iyaka ba allura. Wanda ya yi haka kansa ya cuta. Masu tafiya da rani su yi na sanƙarau, masu taɓa ƙarfe da ƙusa su yi na tetanus, ma'aikatan lafiya su yi na ciwon hanta. Kowa da gidan sauronsa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya faɗa wa shugaba, ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar.

Ku tuna baƙo ma yana kai cuta. Kwalarar da ta ɓarke a Haiti a 2010 ta kashe mutum kusan 10,000, kuma daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito, saboda ƙazantarsu ta shiga kogi. Ranar farko a duba inda tawaga za ta zagaya da inda za ta zubar da shara.

Muna da likita, kuma wani mai kemis ya ba mu kwalayen magani kyauta. Mu tafi da su?

A buɗe kowane kwali a karanta kwanan wata. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kyautar magani ita ce ya rage masa aƙalla shekara ɗaya ranar da ya isa, kuma ya zama masu karɓa ne suka nema. Maganin da ya kusa lalacewa ba sadaka ba ne, shara ce aka kai wa mutane. Shigar da magani wata ƙasa sai da izinin ma'aikatar lafiyarta, kuma irin su tiramadol na iya kai mutum gidan yari. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sayi maganin a can, ta hannun asibitin da ya gayyace ku.

Lasisin likita ko na malamar jinya na Najeriya ba ya ƙetare iyaka da kansa. A Gana, misali, likita sai majalisar likitocin ƙasar ta ba shi rajistar wucin gadi. A fara nema watanni kafin tafiya. Ɗalibin da ba a yarda ya yi allura a asibitin Barau Dikko ba tare da mai duba shi ba, kada a ba shi sirinji don an je ƙauyen wata ƙasa.

Rijiyar burtsatse muke so mu haƙa. Ai ruwa ba ya ɓaci?

Ruwa ba ya ɓaci, amma famfo na ɓaci, kuma duk wanda ya zaga karkara ya ga famfunan da suka mutu tsaye, da allon sunan masu kyauta a gefe, awaki na kwance a kan dakalin. Abin da ke kashe famfon hannu galibi ba babba ba ne. Wata 'yar roba ce a can ƙasan bututu da ke cinyewa, sai mace ta yi ta buga hannu ruwa na zuwa kaɗan-kaɗan har ya ɗauke. Kuɗinta bai kai na kaza ba. Amma in babu mai sayar da ita a kasuwar kusa, babu wanda ya iya zaro sandunan, babu asusun gyara, to an gama.

Don haka kar a ɗauki famfo daga Kaduna. Mu mun saba da India Mark II da Afridev, amma a ƙasashen da Faransa ta raina akwai wuraren da famfon takawa da ƙafa na Vergnet ya fi yawa, kuma kayan wannan ba sa shiga wancan. A tambayi makanikin yankin irin wanda yake gyarawa, a sa irinsa. A nemi izinin ma'aikatar ruwa, a yi binciken ƙasa kafin haƙa, a gwada ruwan kafin a ce a sha. Wurin haƙawa kuma mata ne za su nuna, kuma filin ya zama na gari a rubuce, don kada gobe wani ya kewaye shi da katanga. Kafin injin ya iso a kafa kwamitin ruwa da ma'aji, a yanke abin da kowane gida zai riƙa bayarwa. Mutum biyu na garin su kwance famfon su mayar da hannunsu a gabanku. In da sola ne, a yi maganar wanda zai tsare faifan da dare.

Me za mu koya musu a harkar noma?

Ku fara tambayar me za su koya muku. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo suka raya abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sassabe gona ƙarƙaf, sai a bar kututturen sabara da kalgo da gawo, a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Ba dashe, ba ban-ruwa. Da wannan dabara aka mayar da itatuwa a kan fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Ku tsaya a ƙarƙashin gawo da damina ku gani: ya zubar da ganye, rana na isa ga gero, kuma geron gindinsa ya fi na nesa tsawo. Malamin gona daga Samaru na da abin bayarwa, iri da maganin ƙwari da adana wake, amma wanda ya dawo da wannan ilimi zuwa Giwa ko Makarfi bai yi asarar kuɗin mota ba.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Bayan girbi zuwa ƙarshen hunturu, wato Nuwamba zuwa Fabrairu, in Sahel za ku. Da damina kowa na gona, da bazara zafi ba ya barin aiki. A duba azumi da lokacin zaɓe. Kudancin Gana damina biyu gare su, don haka ku tambayi mai masauki.

Ai Hausa suke ji a can, ko?

A Maraɗi da Damagaram da Tawa, da zangunan Kumasi da Nima a Akara, Hausa za ta kai ku ko'ina a kasuwa. Amma takardun ofis a Nijar da Benin da Chadi da Faransanci za ku same su, kuma ɗan sandan hanya ba lallai ya ji Hausa ba. Jin harshe ɗaya kuma yakan sa mutum ya saki jiki ya manta shi baƙo ne. A guji gardamar siyasar ƙasar, a guji "mu a Najeriya", a kuma koyi gaisuwa da Zabarmanci ko Fulatanci ko Tuwi, gwargwadon wurin.

Yaya batun tsaro a hanya?

Ba tafiyar dare, ko an makara. Hanyar Katsina zuwa Jibiya da Ɗan Isa ita ce mafi kusa zuwa Maraɗi, amma yankin ya sha fama da 'yan bindiga, don haka a tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a makon tafiyar. Masu zuwa Akara ta mota su san iyaka uku za su ƙetare, ta Benin da Togo da Gana. Kada a sanar da ranar tashi a Facebook. A bar mutum ɗaya a Kaduna da za a kira safe da yamma, a sayi layin waya na can, a kuma sanar da ofishin jakadancin Najeriya kuna ƙasar. Shugaba na da ikon soke tafiya ko an riga an biya mota, kuma kowa ya amince da haka tun a gida.

Masu ba da gudummawa na son hotuna. Laifi ne?

A ɗauki aikin, a ɗauki mutane da izininsu. Yaro marar lafiya ko mace tana karɓar buhu ba abin yaɗawa ba ne. Kada a bar ɗan tawaga shi kaɗai da yaro a ɗaki. Ziyarar gidan marayu ta kwana biyu kuwa ba na ba da shawararta: yara su shaƙu da ku, ku tafi, wasu su zo su tafi.

Idan wani ya ƙi dawowa fa?

Yana faruwa. Wani na shiga tawaga ne don ya sami hanyar Agadas. Shi ya sa ake neman mai tsaya wa kowa, dattijo ko shugaban wurin aikinsa. Motar da ta cika da matasa tana jawo zargin fataucin mutane, kuma jami'an shige da fice da na NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, na da hurumin tsayar da ku, don haka jerin sunaye da takardar gayyata su kasance a hannu. Kada a tafi da wanda bai kai shekara 18 ba.

Ni kaɗai ne, ba ni da ƙungiya. Akwai hanya?

Akwai shirin TAC na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1987, mai tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Akwai shirin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, da na matasa na Tarayyar Afirka. Ta shafukansu na intanet ake nema. Duk wanda ya ce ka biya shi ya sa sunanka, ɗan damfara ne.

Mun dawo lafiya. Sauran me?

A cikin mako biyu a zauna kowa ya faɗi abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, mata su yi nasu zaman in sun fi sakewa haka. A karanta lissafin kuɗi a gaban waɗanda suka bayar, har ragowar canji. A rubuta rahoto a aika wa masu masauki kwafi, a tambaye su abin da ya kamata a gyara. Wanda ya ji zazzaɓi ya je asibiti ya faɗi inda ya fito. Sannan a naɗa mutum ɗaya, da sunansa, wanda zai kira shugaban kwamitin garin bayan wata uku, da wata shida, da shekara, ya tambaya ko famfon na ba da ruwa da kuma nawa ke cikin asusun gyara. A ware masa kuɗin katin waya daga kasafin tun yanzu.